A Kan Rufi Ko a Bakin Bamba: Ina Ya Dace a Ɗaura Ƙarin Fitila?

   

Sharhinmu na yau a kan fitilar mota yake. Ina nufin fitilun da ake ƙara wa motocin shiga daji, irin su Hilux da Land Cruiser da sauran a-kori-kura masu ja da taya huɗu. Su ne motocin da ke kai taki ƙauye, su ɗauko hatsi daga kasuwannin da kwalta ba ta kai ba. Su ke kai ma'aikatan rigakafi rugage. Su ke fito da mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. A Nijar kuwa, su ne ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku. Irin wannan aiki ba ya jiran gari ya waye. Fitilar da kamfani ya sa wa mota kuma, da kwalta aka auna ta. Shi ya sa masu motoci ke ƙari, kuma ba laifi suka yi ba.

Shekarun nan fitilun LED sun cika kasuwa, sun kuma yi araha. Akwai masu zagaye. Akwai 'yan ƙanana masu kusurwa huɗu. Akwai doguwar sandar nan da ake shimfiɗawa daga wannan gefen mota zuwa wancan. Mai saye in ya shiga shago, tambayarsa ɗaya ce: wat nawa ce? Mai shago ya faɗa masa. A jona ta da batir, a dallare bangon maƙwabta, kowa ya runtse ido, a ce kai, wannan ta yi! Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a ina za a ɗaura ta? Wannan sai an isa garejin mai wayarin, shi ya zaɓa. Sau da yawa kuma a kan rufi take ƙarewa, domin a nan ta fi ba mota kwarjini.

To, ga abin da nake so mu riƙe a yau. Wurin da aka ɗaura fitila ya fi ƙarfinta muhimmanci. Ma'aunin wurin kuma guda ne, wato tazarar da ke tsakanin fitila da idon direba. Malam direba, ka nisanta fitila da idonka. Zan ta maimaita wannan magana har mu rabu, sai ku yi haƙuri da ni.

Bari mu fara da dalili. Gani ya kori ji, saboda haka ga gwajin da kowa zai iya yi yau da dare ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ɗauki tocila ka fita ƙofar gida, inda ƙasa ba ta daidaita ba. Ɗora tocilar a goshinka, ka haska ƙasa. Za ka ga ta yi sumul. Tsakuwa na nan, ramuka na nan, amma ba su fito ba. Yanzu sauke tocilar zuwa gwiwarka. Nan take kowace tsakuwa za ta yi inuwa, kowane rami ya yi baƙi. Me ya faru? Lokacin da haske ke fitowa daga kusa da idonka, inuwar kowane abu tana ɓuya a bayansa, inda ba za ka gan ta ba. Da ka raba ido da fitila, sai inuwa ta fito fili. Direban daji kuwa da inuwa yake karanta hanya. Da ita yake gane ga gargada, ga kututture, ga inda ruwa ya zaizaye bakin hanya.

Kada ka ajiye tocilar tukuna. Sa yaro ya yi shara a gabanka har ƙura ta tashi. Mayar da tocila goshi. Ba abin da za ka gani sai fari fat. Idonka yana kallo ne ta cikin hasken kansa, tun daga inda ya fi ƙarfi, kuma kowace ƙwayar ƙura da ke gaban fuskarka tana mayar maka da shi. Sake sauke ta gwiwa. Haske ya bi ta ƙasa, kai kana leƙo shi ta sama. Ƙurar da ke daidai fuskarka ba ta samu hasken da za ta mayar maka ba. Sai ka ga ƙasa ta bayyana.

Mu kuwa, jama'a, mutanen ƙura ne. Daga wajen Nuwamba har zuwa Maris, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zo ta zuba mana. Ko ba hunturu, hanyar burji da rani ba ta rabuwa da ƙurar motar da ta riga ka. Wanda kuma ya taɓa hawa tsaunin Mambila, daga Serti zuwa Gembu, ya san yadda hazo ke sauka ya rufe hanya, ga kwana a gaba, ga kwari a gefe. A irin waɗannan wurare, fitilar da ke kusa da ido ba taimako take yi ba. Ƙara makanta take yi. Shi ya sa na ce ka nisanta fitila da idonka.

To, yanzu mu bi motar daga ƙasa zuwa sama, mu ga abin da kowane wuri ke bayarwa da abin da yake karɓa.

Can ƙasa, a jikin bamba, nan ne gidan fitilar hazo. Haskenta faɗi gare shi, ba shi da nisa, kuma an yanke shi ta sama don kada ya tashi. Ba da ka kamfanoni ke sa ta a nan ba. Ƙa'idar ƙera motoci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashen Turai ke bi, ta ce kada fitilar hazo ta yi ƙasa da santimita 25 daga doron ƙasa, kada kuma ta ɗara babbar fitilar mota tsayi. Wato an yi mata iyaka ta sama da ta ƙasa. Ta saman don ido ce. Ta ƙasan kuma don a tsare fitilar da haskenta.

Matsalar ƙasa a bayyane take. Dutse zai same ta. Taɓo zai shafe ta tun a kududdufin farko. In fitilar mai ƙwai ce irin ta da, gilashinta na ɗaukar zafi, kuma in ta afka ruwan sanyi tana iya tsagewa. In ka zo sauka kwazazzabo, haɓar mota ce ke fara taɓa ƙasa, duk abin da ke rataye a nan kuma ya tafi. Saboda haka a cusa ta cikin bamba, kada a bar ta tana lilo a ƙasa. Sannan ka sani, inuwarta doguwa ce ƙwarai. Ramin da bai wuce taɓa idon sawu ba sai ta nuna maka shi baƙi ƙirin. Fitilar tafiyar sannu ce, ranar da iska ta yi kauri.

A nan bari in ɗan ratse, domin na san wani yana tambaya a ransa: fara ko rawaya? Direbobi da yawa sun yi imani rawaya tana huda ƙura. Gaskiyar magana, ƙwayar ƙura da ɗigon hazo suna watsa kowane launi kusan daidai wa daida. Abin da rawaya ta fi fara shi ne sauƙi ga ido. Ba ta da kaifin nan mai shuɗi-shuɗi da ke gajiyar da mutum. Faransawa sun yarda da ita har suka wajabta ta a motocinsu tun cikin shekarun 1930, ba su janye dokar ba sai 1993. In kana son rawaya, saya. Amma rawaya a kan rufi ba za ta yi maka abin da fara a bakin bamba za ta yi ba. Wuri ne gaba, launi na biye.

Mu ɗan ɗaga sama. Tsakanin manyan fitilun mota biyu, a kan ƙarfen nan na gaba da ake sawa don kare hancin mota. A ganina, a nan ya kamata kuɗin farko ya tafi. In fitila ɗaya ko biyu kawai aljihunka zai ɗauka, nan ne wurinsu. Tana ƙasa da idonka, saboda haka inuwa na fitowa. Tana gaban bonet, saboda haka ba abin da za ta haska a jikin motarka. Ta kuma yi tsayin da za ta kai nesa, taɓo bai cika kai mata ba.

Nisan nan ba abin wasa ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, zuciya ta yanke, ƙafa ta kai birki, an riga an ci wani abu. A kan burji ko yashi kuma, taya ba ta kama ƙasa kamar kwalta. In raƙumi ne tsaye a hanya, kana buƙatar ganinsa tun yana nesa. Mutanen ƙauyukan Ostireliya, waɗanda dabbar kangaru ke faɗo wa hanya da dare, a kan ƙarfen gaba suka saba ɗaura manyan fitilunsu masu zagaye. Mu shanu da jakuna da raƙuma ne namu, amma lissafin ɗaya ne.

Sai dai a kiyaye abu biyu a nan. Na farko, lagireto. Iskar da ke sanyaya inji ta wannan ƙofa take shiga. Ka jera manyan fitilu huɗu a gabanta, ka ɗauki lodi, ka shiga yashi da babbar giyar ƙarfi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri. Allurar zafi za ta ba ka labari. A bar wa iska hanya. Sababbin motoci kuma wasunsu na da kyamara ko na'urar hango abin da ke gaba a daidai wurin, kada a toshe su. Na biyu, kada fitilar ta tsere wa bonet tsayi. In ta yi sama, ta tare maka ganin ƙasan gabanka, kuma in tsautsayi ya gitta da mai tafiya a ƙasa, ƙarfen da ya tsaya cako-cako shi ke ƙara rauni.

Akwai kuma wani kuskure da ake yi a wannan wuri, wanda nake so ku saurara da kyau. Mutum zai sa fitila mai faɗin haske, ya karkata ta ƙasa, gaban motarsa ya yi fes kamar ba dare ba. Sai ya ji daɗi, ya ce yanzu yake gani. Alhali ganinsa raguwa ya yi. Ido yana daidaita kansa da abin da ya fi haske a gabansa. In ƙasan da ke dab da hancin mota ta yi ƙyalli, ƙwayar ido sai ta tsuke. Da ta tsuke, can nesa inda haɗarin yake sai ya ƙara duhu. Direba yana jin ya samu haske, sai ya ƙara wuta, ga shi kuwa nisan ganinsa ya ragu. Abin da ke mita biyar gabanka, in kana gudu, ka riga ka taka shi. Fitilar nesa ta kalli nesa. Mai faɗi a bar ta sai lokacin da ake rarrafe.

Daga nan sai gindin gilashin gaba, dama da hagu, kusa da madubin gefe. Nan ake sa 'yan ƙananan nan masu kusurwa huɗu. Aikinsu gefen hanya ne, shi ya sa ake karkata su waje. Suna nuna maka cikin kwana tun kafin ka juya sitiyari. Suna nuna maka garken da ke shirin tsallakawa, da bakin kwarin da ke gefenka. A hanyar da ke murɗewa cikin daji suna da amfani. Amma ku lura, sun matso kusa da ido. Saboda haka su zama ƙanana, su kalli waje, kada haskensu ya taɓa bonet ko madubi. In ƙura ta tashi, a kashe su.

To, jama'a, mun iso kan rufi. A nan zan ɗan daɗe, domin a nan gardamar take.

Sandar fitila a kan rufi tana saman kan direba kaɗan. Wato ita ce tocilar goshi. Tana share inuwa, hanya ta yi maka kamar shimfiɗa, sai ka ji gargada a ƙugunka kafin ka gan ta. In akwai ƙura ko hazo ko yayyafi, haskenta yana ratsawa ta gaban gilashinka daga sama zuwa ƙasa, duk abin da ke yawo a iska ya koma fari. Da damina har ƙwarin da ke bin haske sai su zama maka labule.

Ba a nan ta tsaya ba. Yawancin Hilux ɗin da ke ƙasashenmu farare ne. Farin bonet kuwa in haske ya sauka a kansa daga sama, mayar da shi yake yi fuskar direba. In sandar ta leƙo gaba da yawa, har gilashin kansa take haskawa, duk wani ƙarce da waifa ta yi masa da duk wata ƙura da ta kwanta sai su fito. Direba ya kwana yana tuƙi ido a tsuke, ya wayi gari da ciwon kai, ya ɗora wa rashin barci laifi.

Sauran matsalolinta ƙanana ne, amma suna taruwa. Tana feɗuwa in mota ta ɗauki gudu. Tana tare iska, mai ya ɗan ƙara tafiya. Reshen bagaruwa ko na ƙaya da ya sunkuyo hanya ita yake fara kamawa. In an huda rufi ba a toshe da kyau ba, damina ta farko za ka ga ruwa na ɗiga ta silin, tsatsa kuma ta biyo baya. Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin kamfani, amma direbobinmu sun san shi. Haske a kan rufi, daga nesa ake hango shi. A hanyoyin da tsaro ya taɓarɓare, ba kowane dare ne mutum ke son a san da zuwansa tun yana can ba. In kuma ka doso shingen jami'an tsaro, abin da aka saba shi ne ka rage fitila, ka kunna ta cikin mota. Wanda ya dallare soja da sandar rufi, shi ya jawo wa kansa magana.

Amma kada a ce na yi wa rufi rashin adalci. Akwai inda ba wanda ya kai shi. Ƙarshen damina, lokacin da gamba ta yi tsayi ta rufe hanyar gona, fitilar bamba ciyawar da ke gabanta kawai take haskawa. Ta rufi ce ke leƙa bayanta. In za ka tsallake rafi, ruwa ya kai bamba, ta sama ce ke nuna maka mafita a ɗaya gaɓar. A tuddan yashi, irin na Yusufari a Jihar Yobe ko na Tenere, hanya hawa da sauka ce, kuma fitilar ƙasa tana barin kowane kwari cikin duhu. Ta sama ce ke zuba haske cikin ramin, ka san zurfinsa. Ku lura da abin da ya haɗa waɗannan wurare. Tafiyar sannu ce, kuma iska a washe take.

Wani zai ce, to ai masu tseren hamada muna ganinsu a bidiyo, rufinsu cike da fitilu. Haka ne. Motocin tseren Baja a ƙasar Meziko suna da su. Amma dubi gabansu da kyau, akwai wasu a bamba. Kowane rukuni da makunninsa. In suka shiga ƙurar wanda ke gabansu, na sama suke kashewa su bar na ƙasa. Wato su ma sun san maganar da muke yi. Ba su dogara da rufi shi kaɗai ba.

Saboda haka in hanyarka ta buƙaci ta rufi, sa ta, amma ta zo daga baya, bayan ta gaba ta samu. Kuma a ja ta baya. Kada ta tsaya a kan goshin gilashi. A matsar da ita har leɓen rufin ya tare hasken da zai sauka a bonet. Gane hakan ba wuya. Da dare, zauna a kujerar direba, a kunna ta. In kana ganin bonet ɗinka na ƙyalli, ba ta ja baya sosai ba. Wasu kan shafa wa tsakiyar bonet baƙin fenti marar sheƙi, yana kuma taimakawa. A zaɓi mai tsukakken haske, ba mai watsuwa ba. Kuma lallai ta samu makunninta ita kaɗai, inda hannu zai kai ba sai an duba ba. Ba za ka iya nisanta ta da idonka ba, to ka iya kashe ta da sauri.

Bayan mota ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ƙaramar fitila mai faɗi a kan ƙarfen bodi tana da amfani wajen lodi, da canjin taya, da ribas a bakin rami. Ita wannan sama ta fi dacewa da ita, tana kallon ƙasa, kuma a kashe take muddin mota na tafiya. Masu tafiya a ayari kuwa, su sa 'yar rawaya guda a sama tana kallon baya. Ba don su gani ba, don na bayansu ya gan su cikin ƙura kafin ya hau su.

Yanzu mu juya ga ɗaurin kansa, domin wuri mai kyau da ɗauri marar kyau asarar kuɗi ce. Kada a ɗaure fitila a jikin robar bamba. A nemi ƙarfe mai kauri. Gargada tana girgiza mota dare da rana, kuma siririn ƙarfe rawa yake yi. In fitila na rawa, haske na rawa, ido ya gaji. A ƙarshe walda ta tsage, fitila ta faɗi a daji. A sa noti mai kulle kansa. In motar mai jakar iska ce ta kariya, kada mai walda ya taɓa ƙarfen gaban shasi da ka, domin yadda ƙarfen ke lanƙwashewa a karo yana cikin lissafin buɗewar jakar.

Wajen waya kuma, ga lissafi ɗaya tak. Fitila mai wat 240 a motar da ke aiki da bolt 12 tana jan amfiya 20. Siririyar waya ba za ta ɗauka ba, zafi za ta yi. A sa waya mai kauri, a sa rile, a sa fis dab da batir. Mai wayarin da ya ce maka fis ba dole ba ne, ka karɓi makullinka ka yi gaba. Gobarar mota a daji ba mai kawo maka ruwa.

Sai saiti. Wannan shi aka fi mantawa. Mota a gareji wayam take. Mota a hanya kuwa ɗauke take da buhuna, da jarkoki, da mutane a sama. Da baya ya zauna, hanci ya ɗaga, duk fitilun da aka saita sai su kalli sama. Saboda haka a yi saiti da irin lodin da aka saba ɗauka. Nemi fili mai daidai, ka fuskanci bango da tazarar kamar mita 10. Auna tsayin fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bango daidai wannan tsayi. Ta nesa, tsakiyar haskenta ya zauna a kan alamar ko ƙasa da ita kaɗan. Ta hazo kuwa, saman haskenta gaba ɗaya ya kasance ƙasa da alamar. Aikin rabin awa ne.

Akwai ido na biyu a wannan magana, jama'a, kuma ba na direba ba ne. Idon wanda ke tahowa ne. Ɗan acaɓa da ya ɗauko mace da goyo. Dattijo a kan keke yana dawowa daga kasuwa. Yaro mai koro amalanken shanu, wanda ba shi da fitila ko ɗaya. Fitilar kamfani in ka rage ta, haskenta a yanke yake, yana sauka ƙasa. Sandar LED ba ta da wannan yanka. Ko'ina take watsawa, kuma in tana kan rufi, daga sama take zubowa cikin idon mutum, ba inda zai kauce. Wanda haske ya kashe wa ido yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ganinsa ya dawo, dattijo kuma ya fi yaro daɗewa. A cikin waɗannan daƙiƙoƙi babur bai tsaya ba. Kuma in ya kauce hanyarsa, kai yake dosa.

Ƙa'idar hanya ba ta ɓoye wannan ba. In abin hawa na tahowa, a rage fitila. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, tun kafuwarta a 1988, wannan na cikin abin da take koya wa direbobi. A jihar Kalifoniya ta Amurka ma, doka cewa ta yi fitilun daji a kashe su kuma a rufe su da murfi muddin mota na kan titi. Mu ko ba a kai ga murfi ba, akwai dabara mai sauƙi. Ka ce wa mai wayarin ya haɗa fitilar nesa da ful ɗin mota, ta yadda ba za ta kama ba sai an ɗaga ful, kuma da ka rage, ita ma ta mutu. Taɓawa ɗaya ta ishe ka. Cikin gari kuwa, ba ta da aikin yi ko kaɗan.

Kafin mu rabu, ina da magana da masu motocin da ba su ke tuƙa su ba. Alhaji, kai ka biya kuɗin fitila, amma direbanka ne zai kwana da ita a hanya. Kafin a huda ko'ina, kira shi ka tambaye shi. Wace hanya ya fi bi? Ƙura ce ta fi damunsa, ko ciyawa, ko kwana, ko dabbobi? Amsarsa ita za ta nuna wurin. In kuma an riga an ɗaura, ba a makara ba. Ku samu wani dare ku fita bayan gari tare, kai ka zauna a kujerar direba, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka sauka, ka taka zuwa gaba kamar taku hamsin, ka juyo ka fuskanci motarka. Wadda ta dame ka a ciki, a matsar da ita. Wadda ta dame ka a waje, a saukar da kanta.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Na kan hanya, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku ga iyalinku lafiya. Na gida kuma, a gaida direban gidan in ya dawo, a kuma ba shi labarin abin da aka ji.